Dutsen da Ke Ƙarƙashin Kudancin Kano

Mai haƙa rijiya a Kiru ko Bebeji yakan ci gaba ɗaya-biyu a jar ƙasa da marmara, sai diga ta fara tsalle a kan fa. A Riruwai kuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, tun kafin zuwan Turawa an yi ta wanke kuza ana narka ta. Wuyar ruwa da arzikin ma'adinai duka daga tushe ɗaya suka fito, wato irin dutsen da ƙasar ke zaune a kai, kuma wanda bai san yadda dutsen ya samu ba zai yi ta zuba kuɗi a rami bisa sa'a.

Masana sun kasa duwatsu gida uku gwargwadon yadda suka samu. Akwai wanda ya taso a narke daga cikin ƙasa ya daskare. In ya huce a hankali can ƙasa, ƙwayoyinsa sukan fito ɓaro-ɓaro, shi ne giranit da ake fasawa a yi kankare. In aman wuta ya watso shi sarari ya huce da sauri, sai ƙwayoyin su yi ƙanana har ido ba ya rabe su. Riruwai na da duka biyun, domin tsaunukanta saiwar wani dutse ne mai aman wuta da ya mutu kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, ruwa da iska suka cinye samansa. Lokacin da giranit ɗin ke hucewa, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagoginsa ya ajiye kuza da tutiya, har aka sami jijiyar ma'adinai mai tsawon kusan kilomita 5. Jerin irin waɗannan tsaunuka ya taso tun daga Azbin a Nijar ya bi ta Jos, shi ya sa kuzar Jos da ta Riruwai 'yan gida ɗaya ne. Sai rikiɗaɗɗen dutse, wanda zafi da danniya suka sauya masa kama ba tare da ya narke ba, ana gane shi da zane-zanen fari da baƙi a jikinsa kamar saƙi. Shi da tsohon giranit mai kimanin shekara miliyan 600 su ne shimfiɗar Bebeji da Kiru da Tudun Wada. Na ukun, wanda yashi da laka da ɓawon halittun ruwa ke kwantawa hawa-hawa su dunƙule, baƙo ne a nan. Sai an nufi Sakkwato, inda ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina, ko yankin Tafkin Chadi.

Wannan rashin shi ne asalin matsalar ruwa. Dutsen yashi yana da ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa, yana shan ruwa ya riƙe. Giranit da rikiɗaɗɗen dutse a toshe suke, ruwan sama sai dai ya gangara Kogin Kano, inda madatsar Tiga ke tare shi tun 1974. Wani zai ce ai ga rijiyoyi nan a Tudun Wada suna ba da ruwa rani da damina. Gaskiya ne, amma ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma cikin tsagogi, kuma kaurin wannan ruɓa yana bambanta ko a unguwa ɗaya. Shi ya sa burtsatsen wani gida ke ambaliya, na maƙwabci kuma ƙura kawai yake fitarwa. Ƙara zurfi cikin dutse marar tsaga asarar mai ce da bakin inji. Kuɗin awon ƙasa kafin haƙa, da mutane ke ganin ɓarna ne, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma mai cewa wa ya ga shekara miliyan, balle ya ƙirga? Tambaya ce mai kyau. A cikin giranit akwai sinadarai irin su yuraniyam da ke rikiɗa zuwa darma bisa ƙa'idar lokaci da aka auna, don haka yawan darmar da ta taru yana nuna tsawon zamanin da ya wuce. Awon na iya kuskure da 'yan miliyoyi, amma ba zai mai da giranit ɗin Riruwai sa'an shimfiɗar Kiru ba, tunda a fili ake ganin inda ƙaramin ya keto babban ya ratsa shi.