Murfin Baƙin Mai

Mun lura wasu direbobin hanyar Isa zuwa Sabon Birni da Shinkafi, in murfin baƙin mai ya ɓata, sai su cusa leda ko tsumma. Wannan ganganci ne. Ƙurar hunturu ta nan take shiga, ta gauraya da mai, ta riƙa cin ƙarfen inji a hankali. Man kuma yana fantsama yana raguwa, har wata rana inji ya buga a daji.

Bayan kowane juye, a goge bakin, a duba robar da ke jikin murfin. In ta bushe ko ta tsage, a sayi sabo daidai da ƙirar motar. Na wata motar yakan zauna kamar ya yi daidai, amma yana yoyo.