Iska da girgizar ƙasa: a yi lissafi kafin a yi gini

Kowace shekara, idan damina ta kama, hadari yakan taso daga gabas. Kafin ruwa ya sauka, sai iska ta zo da ƙura. A ƙasar Alakos, cikin gundumar Gure, kowa ya san aikinta. Takan yaye rufin aji. Takan buɗe bankin cimaka, ruwa ya jiƙa hatsi. Kuɗin da jama'a suka tara da gumi sai su bi iska.

Amma iska tana da awo. Masu ginin masana'antu sun san shi.

Yaya ake auna ƙarfin iska?

A arewacin Damagaram, kan hanyar Tanut, akwai matatar man fetur ta SORAZ. An buɗe ta a shekara ta 2011, tare da wani kamfanin ƙasar Sin. Irin wannan gini yana da dogayen bututu da manyan tankuna. Injiniyan da ya zo daga waje ba ya aiki da lissafin garinsu, don kowace ƙasa da irin iskarta. Sai ya nemi awon da ma'aikatan yanayi suka rubuta shekara da shekaru. Yana neman iskar da ƙarfinta bai cika zuwa ba sai sau ɗaya cikin shekara 50. Da ita yake lissafi.

Ga yadda abin yake. A ɗauki bango mai tsawon metir 1, faɗi metir 1. Iska mai gudun kilometir 50 a awa tana tura shi da nauyin kilo 12. Idan gudunta ya kai kilometir 100, nauyin ya kusa kilo 50, kamar buhun siminti guda. Gudu ya ninka sau 2, ƙarfi ya ninka sau 4.

Rufi kuwa, ba danne shi take yi ba, ɗaga shi take. Ajin lakwal mai metir 9 da metir 7, ƙarfin da ke jan rufinsa sama yana iya kai wajen tan 3. Buhun siminti 60 ke nan. Duwatsun da ake ɗorawa bisa kwano ba su isa ba.

To girgizar ƙasa fa?

Wani lokaci duwatsun ƙarƙashin ƙasa sukan goce, ƙasa ta motsa. A 1960 girgiza ta rushe garin Agadir na Maroko, mutane wajen dubu 12 suka rasu. A watan Disamba na 1983 ta faɗa arewacin Gine, ta kashe ɗaruruwa. Shi ya sa injiniya yake tambayar tarihin wuri, ya kuma haƙa ƙasa ya ga taurinta.

Halin su biyun ba ɗaya ba ne. Iska ta fi cutar abu marar nauyi. Girgiza ta fi cutar abu mai nauyi. Tankin da ba kome a ciki, iska ce abokiyar gabarsa. Idan ya cika, girgiza ce.

Nijar ba ta cikin ƙasashen da girgiza ta dama. A Alakos, iska ce abin tsoro.

Abin da ya kamata a yi

1. A ɗaure katakon rufi da ƙarfe. A binne ƙarfen cikin bango tun ana gini.

2. A ƙara ƙusa a gefen kwano da kusurwoyi. Daga nan iska take fara ɓanɓara.

3. Kada bakin kwano ya fito waje da yawa. In da hali, a ɗaga bango ya rufe shi.

4. Idan hadari ya taso, a rufe ƙofa da taga. Iskar da ta shiga ɗaki tana tura rufi daga ciki.

5. A dasa itatuwa a gabas, nesa kaɗan da bango.

6. Tun da bazara, a hau a duba katakon da gara ta ci, da ƙusar da ta saki.

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Kwamitin gari ya tsaya kan magini ranar ɗora rufi, ya ga ɗaurin da idonsa. Kuɗin ƙarfe da ƙusa bai kai na sabon kwano ba.