Na'urar Kama Maƙaryaci Da Iyakar Ƙarfinta

A shekarar 1921 ne wani ɗan sanda mai suna John Larson ya haɗa wata na'ura a garin Berkeley na Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wadda aka ce tana kama maƙaryaci. Turawa suna ce mata foligiraf, watau mai rubutu da yawa, domin a dā alƙaluma ne suke zana abubuwa da dama a kan takarda lokaci guda. Yanzu kwamfuta ce take wannan aiki.

Ga yadda ake yi. Akan zaunar da mutum a kujera, a ɗaura masa roba biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, don auna numfashi. Sa'an nan a ɗaure masa damtse da abin awon jini irin na asibiti, a kuma maƙala ƙananan ƙarafa a yatsunsa don gano gumi. Daga nan sai tambayoyi, waɗanda amsarsu i ce ko a'a. Wasu na banza ne, kamar ko yau Talata ce. Wasu na tsokana ne, kamar ko ya taɓa ɗaukar abin da ba nasa ba. Sauran su ne na ainihin laifin. In jikinsa ya fi razana a kan na laifin, sai mai binciken ya ce akwai alamar ƙarya.

Hikimar abin ita ce, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To, amma razana kaɗai na'urar take gani. Mai gaskiya kan firgita don tsoron sharri, gwanin maƙaryaci kuwa ya natsu. Aldrich Ames, ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka da ya riƙa sayar wa Rasha asirai, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991, ba a kama shi ba sai 1994.

Saboda haka kotuna da yawa ba su karɓar sakamakonta a matsayin shaida. A 1988 Amurka ta yi dokar hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikata da ita, a 2003 kuma Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar ta ce hujjojin ingancinta masu rauni ne. Duk inda aka dogara da ita kaɗai, marar laifi yana iya rasa aikinsa da mutuncinsa, mai laifi kuwa ya wuce abinsa.