Idan Birkin Ƙaramar Tirela Ya Ƙi Kamawa, Daga Waya Ake Fara Bincike

Wanda ya tsaya na ɗan lokaci a bakin hanyar baifas ta Barunde, a birnin Gombe, zai ga manyan motoci na wucewa ɗauke da siminti da hatsi da man fetur, domin garin mahaɗa ce ta hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Potiskum. Jefi-jefi kuma sai ga Hilux tana jan ƙaramar tirela mai ɗauke da janareta ko tankin ruwa ko kayan aikin wata tawagar ma'aikata. Birkin irin wannan tirela ne ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya ƙi aiki.

Jihar Gombe ta san abin da lalacewar birki ke jawowa. Ranar 21 ga Afrilun 2025, wata babbar mota ɗauke da hatsi ta ƙwace a Billiri, kan hanyar Yola, ta afka wa masu jerin gwanon Ista, mutum biyar suka rasu, kuma 'yan sanda suka danganta haɗarin da matsalar birki. Manyan motoci da iska birkinsu ke aiki, yayin da ƙananan tireloli ƙirar Amurka suka dogara da lantarki, sai dai haɗarin iri ɗaya ne. Idan kayan da ke baya ba su da abin tsayar da su, motar gaba suke turawa, musamman a gangara.

Idan direba ya taka birki, wata ƙaramar na'ura da ke kusa da sitiyari tana aika wuta daga batirin motar mai bolt 12 zuwa maganaɗisun da ke cikin durom na kowace taya. Maganaɗisun ya manne da fuskar durom mai juyawa, juyawar ta ja wani hannun ƙarfe, shi kuma ya buɗa lainin birki ya kama. Wutar na tafiya ta waya guda, ta dawo ta wayar da masu wayarin ke kira at, don haka tsinkewar ɗaya daga cikinsu ta isa ta kashe birkin gaba ɗaya. Direba kuwa ba lallai ya gane da wuri ba, tunda birkin motarsa na kamawa kamar kullum.

Wannan ne dalilin da ya sa ba a fara bincike da kwance taya. Tambayar farko ita ce ko motar tana da na'urar sarrafa birkin ma. Motocin da aka shigo da su daga Turai galibi ba su da ita, domin ƙananan tirelolin can suna kama birki ne da turin da tirelar ke yi wa mahaɗinta. Ana iya haɗa soket, fitilu su kama, sigina ta yi aiki, alhali babu wutar da ke zuwa birki. Idan na'urar na nan, sai a duba fis ɗinta, sannan a matsa ɗan hannun da ke jikinta, wanda ke aika wuta ba tare da an taka birki ba.

Daga nan sai soket mai baki bakwai da ke haɗa motar da tirela. A tsarin Amurka, shuɗiyar waya ce ta birki, fara kuma ita ce at. Ƙurar hunturu da ruwan damina kan bar tsatsa a bakunan, sannan wurin da aka ɗaure farar wayar a jikin ƙarfen tirela yakan saki ko ya yi tsatsa. Sau da yawa kankare wurin da sake ɗaure shi ne kaɗai gyaran. A kuma bi wayar a ƙarƙashin tirela har zuwa tayoyi, domin nan ne duwatsu da gogayyar ƙarfe ke yanke ta.

Sai an tabbatar wuta na isa sannan a tuhumi maganaɗisu. Mai lafiya yana yin ɗan gunji idan wuta ta shige shi. A durom mai inci 10 ko 12, kowane ɗaya na jan kusan amfiya 3, wato kusan 12 a tirela mai taya huɗu, kuma mita kan nuna tsakanin om 3 da 4 a kansa. Idan awon ya yi ƙasa da kima, akwai wanda ya mutu ko wayarsa ta tsinke. A ɗaga tayar da jak, a juya ta da hannu, wani ya matsa hannun na'urar. Idan akwai gunji amma tayar ba ta tsaya ba, matsalar ta koma ta bakanike: ko lainin ya cinye, ko giris ya zubo masa, ko kuma yana bukatar saiti. Kamfanin Dexter, mai ƙera irin wannan birki, yana ba da shawarar saita shi duk bayan mil 3,000, wato kusan kilomita 4,800.

Akwai kuma makunnin gaggawa mai ƙaramin batirinsa, wanda ke kama birkin idan tirela ta ɓalle daga mota. A cire soket, a zare filsa na ɗan lokaci, a gwada jan tirelar. Idan ta tafi salin-alin, ko dai batirin ya mutu ko wayar birkin ta tsinke.

Ga jami'in sufuri ko mataimakin da ya shirya tafiyar tawaga daga Abuja zuwa Arewa maso Gabas, gwajin da ya fi muhimmanci bai kai minti biyar ba. Kafin a bar harabar ofis, direba ya ja motar a hankali a fili, ya ɗaga ƙafarsa daga birki, ya matsa hannun na'urar kaɗai. Idan ya ji tirelar ta riƙe motar daga baya, a kama hanya. Idan bai ji komai ba, a kira mai wayarin kafin a loda kaya.