Taifot ko atuni? Awo ne ke raba gardama a ƙauyukan Jazira

A garin Haji Abdallah da ke tsakanin Wad Madani da Sinnar a ƙasar Sudan, da sauran ƙauyukan Hausawan Jazira, ruwan da ke raya auduga da dawa shi ne kuma kan jawo ciwon ciki. Magudanan noman rani da suka taso daga madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, a nan mutane da dama ke ɗiban ruwa, dabbobi ma nan suke sha.

Da zarar zazzaɓi ya daɗe, sai a ruga awon jini na Widal, wanda wani likitan Faransa ya ƙirƙiro tun 1896. Amma awon kan nuna taifot a jikin wanda ya taɓa yi ya warke, ko mai zazzaɓin cizon sauro. Sai a yi ta sayen magani, cuta na nan daram.

Awon da ke raba gardama shi ne a raini ƙwayar cutar daga jini ko bayan-gida. Rinin Gram, wanda aka gano a 1884, yakan mayar da waɗannan ƙwayoyin hanji jajaye, amma kusan duk kamarsu ɗaya. Saboda haka sai ma'aikaci ya gwada su da abinci. A farantin MacConkey, E. coli kan ci sukarin madara ta yi ja, Salmonella mai kawo taifot da Shigella mai kawo atuni kuwa ba sa ci. Daga nan sai a zuba su a kwalba mai sukari iri 3 da sinadarin ƙarfe: Salmonella kan bar baƙi, Shigella ba ta bari. A ƙarshe a gwada maganin da zai kashe ƙwayar. Aikin kan ɗauki kwana 2 zuwa 3.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya gurgunta wannan aiki. A watan ne mayaƙa suka mamaye babban ɗakin awo na ƙasa a Khartum, Wad Madani kuma ta kasance a hannun dakarun RSF daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025. Ana cikin haka gwamnati ta bayyana ɓullar kwalara a Agustan 2024.

Don haka mai karatu, inda hali ya samu, nemi a raina ƙwayar kafin ka sayi magani. Amma mai gudawa kamar ruwan shinkafa ba ya jiran sakamako. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti.