Ko Ka Sani? Akwai Kwaɗon da Mai Kullewa Ba Ya Iya Buɗewa

Ko ka san akwai manhajar kwamfuta ta kyauta da za ka kulle fayil da ita, kai da ka kulle ma ka kasa buɗewa, sai wanda ka yi dominsa? Sunanta GnuPG, masu aiki da ita kan taƙaita su ce GPG.

Mutanen yankin Dutsin-Ma na da buƙatar saninta. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, aikin kwamfuta ya zama sana'ar matasa da dama. Kullum sakamakon jarrabawa, da lambobin NIN da BVN, da jadawalin albashi suna yawo a filashi da imel, galibi tsirara, duk wanda ya tsinta ya karanta. Alhali tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanai, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Rubutun sirri daɗaɗɗen abu ne. A ƙarni na 9, Al-Kindi ya rubuta a Bagadaza yadda ake warware shi ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi maimaituwa. Amma daga zaurancen yara har saƙon sojoji, matsalar ɗaya ce: dole mai aikawa da mai karɓa su san sirri guda, kuma wajen isar da sirrin ne asiri ke tonuwa. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo mafita a Amurka, sannan a 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin RSA. Phil Zimmermann ne ya sa dabarar a hannun talaka da manhajar PGP a 1991, abin da ya jawo masa binciken gwamnatin Amurka har zuwa 1996. Shi kuwa GnuPG, Bajamushe Werner Koch ne ya fara sakinsa a 1997.

Dabarar ita ce mabuɗi biyu. Ɗauka ka sayi kwaɗuna masu yawa iri ɗaya, ka raba su a buɗe ga duk mai so, makullin kuwa guda ne, yana aljihunka. Mutum a Kurfi ya sa takarda a akwati ya danna kwaɗonka, ya ba direban mota ya kawo Dutsin-Ma. Direba ba ya iya buɗewa, shi ma wanda ya danna haka. Kwaɗon shi ne mabuɗin fili, wanda ko a WhatsApp ka baza shi ba komai. Makullin shi ne mabuɗin sirri. A tsarin RSA, ƙarfin abin daga lissafi yake: ninka manyan lambobi biyu da juna abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, amma a ba ta amsar mai alƙaluma 617 a ce ta gano lambobin asali, wannan ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su yau.

Farawa ba wuya. Mai Windows ya sauke Gpg4win, a ciki akwai Kleopatra da ake aiki da ita ta danne-danne kawai. Mai wayar Android yana da OpenKeychain, akasarin nau'o'in Linux kuma da GPG suke zuwa. Za ka ƙirƙiri mabuɗanka biyu, ka kare na sirri da doguwar kalmar sirri, ka tura wa abokin hulɗa na fili, shi ma ya turo nasa. Kafin ka yarda da abin da ya iso, ka kira shi a waya ya karanto maka lambar shaidar mabuɗinsa, jerin haruffa da lambobi 40, kana dubawa. Idan harafi ɗaya ya saɓa, ka dakata, domin mai yiwuwa wani ne ya shiga tsakani ya musanya da nasa. In sun dace, sai ka zaɓi fayil da sunan mai karɓa, manhajar ta fitar da sabon fayil mai ƙarewa da .gpg.

Inda abin ya fi daɗi shi ne sa kwamfuta ta riƙa yi da kanta. Tunda kullewa mabuɗin fili kawai take buƙata, kwamfutar da ke kullewa ba ta riƙe wani sirri ba. A ce ƙaramin asibiti ko makaranta na son ajiye kwafin bayanansu kowane dare. Sai a rubuta umarni ɗaya a ɗan fayil: gpg --batch --encrypt --recipient, a bi shi da adireshin mai mabuɗin da sunan fayil. A Windows a miƙa wa Task Scheduler, a Linux a miƙa wa cron, a sa masa lokaci. Idan wuta ba ta tabbata da dare, a sa lokacin da aka saba tada janareta. Ko an sace filashin ajiyar, ɓarawo tarkacen haruffa zai gani.

Wuri biyu ne masu koyo kan yi tuntuɓe a nan. Na farko, GPG kan ƙi aiki shi kaɗai da mabuɗin da ba ka tabbatar ba, don haka ka sa masa hannu bayan kun gwada lambar shaida. Na biyu, buɗewa ba kamar kullewa ba ce, tana buƙatar kalmar sirri. Wasu kan rubuta kalmar a cikin fayil ɗin umarni don hutu, wanda hakan ya rushe aikin gaba ɗaya. Gara a bar buɗewa a hannun mutum, a kan kwamfutar da ba kowa ke taɓawa ba.

Ka kuma kiyaye waɗannan. Manhajar ba ta goge fayil na asali, yana nan a buɗe sai ka cire shi. In kana son ka iya karanta abin da ka aika daga baya, ka haɗa da mabuɗinka cikin masu karɓa. Kada ka sa mabuɗin sirrinka a kwamfutar shago. Kuma babu kamfani ko ofishin da zai maido maka shi in ya ɓata, ko in ka manta kalmar. Duk abin da aka kulle maka ya tafi ke nan. Saboda haka tun ranar farko ka yi kwafinsa a filashi na daban ka adana a gida, sannan ka gwada kullewa da buɗewa da fayil marar muhimmanci kafin ka damƙa wa manhajar amanar jama'a.