Awa Goma Zuwa Akara, Kwana Guda Zuwa Kano

A unguwar Bronx ta birnin New York, 'yan Zangon Ghana da mutanen Kano kan sallaci Juma'a a sahu ɗaya, su ci tuwo a gidan abinci ɗaya. Amma ranar da waya ta buga cewa an yi rashi a gida, sai tafiyarsu ta bambanta.

Ɗan unguwar Nima ta Akara ko Zangon Kumasi yana da jirgin Delta da ke tashi daga filin JFK ya sauka Akara kai tsaye. Tazarar ta haura kilomita 8,000 kaɗan, kimanin awa 10 a sama. Bakano kuwa, kodayake garinsu bai fi Akara nisa da wani abin a zo a gani ba, ba shi da jirgin da zai kai shi Filin Malam Aminu Kano ba tare da ya ya da zango ba. In ya bi EgyptAir, sai ya yi kilomita kusan 9,000 zuwa Alƙahira, ya wuce gida can gabas, sannan ya juyo wasu 3,000. Ga zaman jira a tsakani, ga bambancin lokaci na awa 5 ko 6 da ke cinye masa yini. In ya bi ta Legas, akwai fargabar jirgin cikin gida da kan ɗaga lokacin tashi.

Abin takaicin, Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma ta daɗe tana zangon jiragen Turai masu ƙetare Sahara.

Mutanen Nijar da ke Faransa su ma sun ɗanɗana irin wannan wahala. Tsakanin Paris da Yamai awa 5 da 'yan kai ne, amma bayan juyin mulkin 2023 Air France ya dakatar da zuwa, aka koma zagayawa ta Kasablanka ko Istanbul.

Shi kuwa mamaci ba ya jiran kowa. Wanda ya rasu da asuba a unguwar Fagge ta Kano, kafin azahar an kai shi makwancinsa, lokacin da ɗansa a Amurka bai gama neman tikiti ba. Shi ya sa mazauna waje ba sa lissafin jana'iza. Abin da ake tambaya shi ne, "Za ka samu sadakar uku?" Wanda bai samu ba ya nufi ta bakwai, ko ya haƙura sai arba'in. Tikitin gaggawa kuma tsadarsa ba a magana, ƙungiyoyin 'yan gari ne kan yi karo-karo su haɗa. Wanda takardunsa na zama ba su cika ba, ko an ba shi kuɗin ba zai motsa ba, don in ya fita ƙofar dawowa ta rufe. Irin wannan sai dai a yi sallar ga'ibi a masallacin unguwa, ya zauna karɓar gaisuwa a ɗakinsa, 'yan'uwa na miƙa wa juna waya daga zauren gidansu ta WhatsApp.